Wasa ne fa, Kawu

Daren Asabar ɗin da ta wuce, bayan sallar isha'i, ina zaune a kan tabarma a ƙofar gida sai ɗan yayata da abokansa huɗu suka baje a kan dakalin da ke gefena. Yaron a hannuna yake tun yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare, bana ya gama babbar sakandare, yanzu yana zuwa lesin na jarrabawar JAMB. Ba na sa baki a hirarsu, majalisar samari ba wurin dattijo ba ce. Amma kunne ba shi da marfi. Zolayarsa suke yi a kan wata yarinya 'yar lesin ɗinsu. Wani ya ce, "Kai malam, wata uku kana raka ta bakin titi, ko hannunta ba ka taɓa riƙewa ba." Wani ya ce ai wannan ustaz ne, a bar shi da carbinsa. Sai ya yi wata 'yar dariya, ya ce, "Ku dai ba ku san komai ba," ya zaro waya ya ce bari ya sa musu a guruf abin da ta turo masa jiya da dare.

Dariyar nan ce ta tayar da ni daga kan tabarma. Na san ta, a bakina aka fara yin ta. Na ce ya miƙo wayar. Ya miƙo yana cewa, "Wasa ne fa, Kawu." Da na duba, yarinyar tambayoyin lissafi na shekarun baya ta roƙa ya ɗauko mata a hoto, ta rufe da godiya da alamar zuciya guda ɗaya. Shi kuma ya yanke saman hirar, ya bar godiyar da zuciyar da lokacin da aka turo, sha ɗaya da minti arba'in na dare. A ƙasa ya rubuta: sauran bayani sai mun haɗu. Saura ya danna kawai.

Ban yi masa faɗa a gaban abokansa ba. Na sa wayar a aljihu na shiga gida, na kasa barci.

Ni ɗan UPE ne. A 1976 aka zuba mu a firamare, lokacin da gwamnati ta ce ilimi kyauta ne ga kowa, aji ya cika har wasu suna zaune a kan tabarmi. Malaminmu na aji uku yana da wani horo: duk namijin da aka kama yana surutu sai a ɗauke shi a dasa shi a bencin mata. Ni kuwa bakina ba ya shiru, don haka kusan shekara guda na yi a gefen wata yarinya 'yar unguwarmu. Ita ke ara mini reza in feƙe fensir, in an fita tara ta gutsura mini goruba ko ta zuba mini aya a tafin hannu. Ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba. 'Yan aji suka sa mata "matar wane", ni kuma "ango". Mu yi ta kuka muna jifansu da alli. Wannan ba komai ba ne, har yau ina ganin ba komai ba ne. A gidajenmu ma kakata "mijina" take ce mini, ta ce ban kawo cefane ba, kakan yarinyar kuma ya ce ita ce amaryarsa. Haka muka tashi. Taubasai suna yi wa juna tsiya har da karɓar kuɗin shara a watan cika-ciki, Bakano da Bazazzagi ba sa haɗuwa ba a taɓa juna ba, haka Bafillace da Babarbare. Wasa a jininmu yake, kuma kowa ya san iyakarsa, don babu wanda yake ɗaukar maganar kaka da jika da gaske.

A 1982 na tafi makarantar kwana ta maza, ita ma ta samu ta 'yan mata. A wancan lokaci abin a yi magana ne a unguwarmu, domin mahaifinta da ƙyar ya yarda, sai da hedimasta ya taka har zaurensa sau biyu.

Wanda bai yi makarantar kwana ba ba zai gane abin da dare yake ba. An dawo daga firef, wato bitar karatu ta dare, an ci gabza ba a ƙoshi ba, ana kwaɗa gari da ƙuli a kwano ɗaya, an kashe fitila. Sai hira ta ɓarke a cikin duhu, kuma hirar ɗaya ce kullum: mata. Kowa yana da budurwa a garinsu, kowa ya yi abin da ba a taɓa yi ba a lokacin hutu. Ranar da aka rabo wasiƙu kuwa sai ka ga yaro yana shinshina ambulan don kowa ya ji ƙamshin Bint el Sudan, yana nuna yadda aka manna kan sarki a karkace wai alama ce. Kashi tara cikin goma ƙarya muke yi, kuma mun san ƙarya muke yi. Amma wanda ba shi da labari ya shiga uku. Akwai wani yaro a ɗakinmu mai siririyar murya, ya iya wanki da gyaran gado, ba ya shiga hirar batsa. Ɗan daudu aka riƙa ce masa, tun ana yi a ɗaki har aka koma yi a layin abinci. Yana aji uku ya tafi hutu bai dawo ba. Ina cikin masu dariya, kuma abin da nake tsoro a raina shi ne kada bayan tafiyarsa a juyo kaina, don ni ma ba ni da labari.

Ina aji huɗu, a 1985, wasiƙa ta zo mini. Ita ce. Layi bakwai ne ko takwas. Ta gaishe ni, ta ce ta ji muna da malamin kemistiri mai kyau, su kuwa nasu ya tafi, don Allah in an yi hutu in ara mata littafin rubutuna ta kwafa, saboda tana son ta karanci aikin jinya. Ta rufe da "'yar bencinka". Shi ke nan.

Da dare aka taso ni in karanta. Na karanta, amma na ƙara gishiri. Da aka tambaye ni ko mun haɗu a hutun da ya wuce, sai na ce mun haɗu a soron gidan gwaggonta bayan magariba, ba kowa. Aka ce sai me ya faru? Na yi dariyar nan na ce, "Ku dai ba ku san komai ba." Ɗaki ya ɗauki ihu, ana dukan gadajen ƙarfe. A daren aka raɗa mini laƙabin da har yau abokai suke kirana da shi. Na kwanta ina jin kaina namiji.

Shekaru da yawa na yi ina gaya wa kaina cewa ai ban faɗi komai ba. Kuma gaskiya ne, ban furta kalmar ba. Shekarata goma sha biyar. Kowa yana yi, wasu ma sun faɗi abin da ya fi nawa muni a kan 'yan matan da suka ambaci sunansu, ba abin da ya biyo baya. Laifina ne da aka samu wani ɗan unguwarmu a gadon ƙarshe na ɗakin? Laifina ne da ya kai maganar gida, ta shiga kunnen yayanta, ta isa ga mahaifinta? Mutumin nan dama neman dalili yake yi, 'yan mata nawa aka cire daga makaranta a shekarun nan ba tare da wani ya yi musu ƙarya ba? Duk wannan na faɗa wa kaina, kuma wani lokaci har yanzu ina faɗa.

Amma da aka yi hutu na dawo da littafin kemistirin a jakata, ban aika mata ba. Na ji labarin an yi mata duka, an ce ba za ta koma ba. Na ga yayanta a masallaci yana kallona, na canza sahu. Gidansu da namu bai fi tafiyar minti biyar ba. Da na je zaure na durƙusa na ce, "Baba, ƙarya na yi," da bulala goma ko ashirin zan sha, magana ta mutu. Ban je ba. Tsoron duka ne, da kuma wani abu da ya fi shi muni: ba na son laƙabin ya tafi. Kafin hutu na gaba an ɗaura mata aure da wani ɗan kasuwa abokin yayanta. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, ita ya doka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san hukuncin tun a lokacin. A makarantar dare an karantar da mu Suratun Nur, aya ta huɗu: wanda ya jefi mace kamila bai kawo shaidu huɗu ba, bulala tamanin ne, kuma ba a sake karɓar shaidarsa. An karantar da mu ƙissar ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, da yadda Allah ya ce mutane suna ɗaukar maganar abu mai sauƙi alhali a wurinsa babba ce. Na haddace, na ci jarrabawa da shi. Ban taɓa haɗa shi da hirar ɗakin kwana ba, saboda wannan sunansa ƙazafi, namu kuma sunansa wasa.

A 2011 mahaifiyata ta rasu. Ranar sadakar uku aka ce mata suna son yi mini gaisuwa, na shiga tsakar gida, sai ga ta a cikinsu da babbar 'yarta. Bayan an yi addu'a na roƙi ta tsaya. Na ce, "Hajiya, akwai haƙƙinki a kaina, ki yafe mini." Ba ta tambaye ni wane haƙƙi ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "Malam, ni na yafe tun tuni, aurena ma alhamdu lillahi. Sai dai Baba ya rasu bai san ƙarya ba ce." Ta kama hannun 'yarta suka fita.

To, ku samari, na zauna ne da niyyar in jero muku shawarwari goma, amma da na duba ba su kai ba.

Kada sunan 'yar mutane ya fito daga bakinka a majalisa. Ko yabo ne, ko wasa ne, ko da gaske kana son ta, musamman ma in da gaske kana son ta. In an matsa maka ka ce ba ka da budurwa, a yi maka dariya. Dariyar majalisa ba ta kwana biyu. Kuma "ai ban faɗi komai ba" ba mafita ba ce, murmushi da ɗaga gira sun fi kalma saurin tafiya, don kowa zai cike gurbin da abin da ke ransa.

Ku kuma abinku ya fi namu haɗari, shi ya sa kuke ba ni haushi. Ƙaryata sai da ta jira hutu, ta hau mota, ta bi ta bakin mutum uku kafin ta isa. Taku daƙiƙa ɗaya ce, ga hoto, ga suna, ga lokaci, mutum sittin a guruf, kowanne yana da wani guruf ɗin. Kuna zaune kai a sunkuye kamar masu tsintar tsaba, ba ku san sunan maƙwabcinku ba amma kun san wa ya tura wa wa zuciya da tsakar dare. Ko gaisuwa ba ku iya ba sai da waya a hannu. A ce yaro ya haddace izu ashirin amma yana yanke hirar 'yar mutane don ya burge wasu sakarkaru huɗu a kan dakali!

Na so in ce ku fita daga irin waɗannan guruf-guruf gaba ɗaya. Amma ba zan iya ba, don ni ma ina cikin na tsofaffin ɗalibanmu a WhatsApp, kuma da aka kwantar da ɗaya daga cikinmu za a yi masa aiki, a kwana uku muka haɗa kuɗin. Zolayar nan ita ta riƙe mu shekara arba'in. Ba na son ku zama busassu marasa raha, Bahaushe ba haka yake ba. Ku yi wasa da wanda yake zaune a wurin, wanda zai iya ramawa. Taubashinka yana da baki, zai mayar maka. Yarinyar da ke gidansu tana bitar lissafi ba ta ma san ana yi ba. Ko da yake yaron nan mai siririyar murya yana zaune a wurin, kuma bai iya ramawa ba. To ku duba fuskar mutum, in shi ba ya dariya ku yi shiru.

In kuwa ka riga ka yi, ka je yau. Ba gobe ba, ba sai ka girma ba. Ka je wurin uban tun yana da rai.

Da safe na mayar wa yaron wayarsa, na zaunar da shi na ba shi labarin nan tun daga bencin aji uku. Shi ne mutum na farko da na taɓa gaya wa. Ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, to su abokan naka sun sani?" Ban ba shi amsa ba.

Bayan azahar na rubuta a guruf ɗinmu cewa labarin soro na 1985 ƙarya ne, ban taɓa keɓewa da baiwar Allah nan ba, littafin kemistiri kawai ta roƙa, kuma ina roƙon a daina kirana da wancan suna. Mutum biyu suka turo alamar dariya. Wani ya rubuta, "Haba ango, bayan shekara arba'in?" Sauran suka yi tsit. Dab da magariba waya ta yi ƙara, ɗan unguwarmu ne na gadon ƙarshe, rabon da mu yi magana tun rasuwar mahaifiyata. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shi ya gaya wa yayanta, a bakin rijiya, shi ma da sunan wasa. Yayan yana nan da ransa, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Mun yi da shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za mu je tare.