Nas biyu, gado kusan talatin

Duk wadda ta taɓa dutin dare a ɗakin tiyata na maza ta san majinyacin da ke ihu ba shi ne abin tsoro ba, wanda ya yi tsit shi ne. Tun muna makaranta ake nanata mana wannan, amma ina amfanin sani in babu ƙafar da za ta kai ka gadon?

A wani asibiti ne nan Jos, lokacin hunturu, kun dai san sanyin garin nan, kowa ya ƙudundune cikin bargo. Mu biyu aka bari. Da yamma an fito da wani dattijo daga tiyatar ciki, awon farko-farko duk lafiya lau. Wajen ƙarfe ɗaya aka turo mana wani da ya yi hatsari, abokiyar aikina ta maƙale a kansa, ni kuma ga allurai na jira, ga ƙarin ruwan mutum biyu ya ƙare, ga wani can ƙurya yana ta sheƙa amai. Baba kuwa ko tari bai yi ba, haka ya shafe awanni ba wanda ya leƙa shi.

Ɗansa ne ya zo ya same ni, har da rusunawa, ya ce "Sista don Allah ki yi haƙuri, Baba gumi yake ta yi, kuma sai neman ruwa yake." Gumi? A wannan sanyin? Wallahi gabana sai da ya faɗi. Na taɓa hannunsa, sanyi ƙalau ga danshi, bugun zuciya ya haura 120, awon hawan jini ya yi ƙasa da 90, numfashi sama-sama, ledar fitsari kusan wayam. Ashe jini ne ke zuba a ciki. Aka taso likita, aka koma tiyata, aka yi ƙarin jini, Allah Ya sa da sauran kwana.

Abin da har yau ke ci mini rai, da gari ya waye tambayar farko da aka yi mini ita ce me ya sa katin awon Baba yake da giɓi. Ba wanda ya ce ku nawa ne jiya. Har wata ta raɗa mini wai in cike wurin da lambobi a wuce wajen, na ce a'a, a bar shi haka mai karantawa ya ga awannin da babu nas a kansa.

Kuma ba ƙorafin malalata ba ne. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 na ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari, a 2014 aka sake samun haka a ƙasashen Turai 9. A jihar Kalifoniya ta Amurka doka ce ma, nas ɗaya a irin ɗakinmu kada ta wuce mutum 5. Mu kowa na da wajen 15, ga 'yan uwanmu kullum sai haɗa jaka suke zuwa Ingila da Saudiyya, wa zai ga laifinsu?

Tun daga ranar duk wanda ya fito daga tiyata kusa da teburinmu nake sa a ajiye gadonsa, ko za a yi ta gunaguni. Numfashi kuma da agogo nake ƙirgawa, minti ɗaya cur, don shi ke fara canjawa kafin jini ya sauka, in ya wuce 20 na babba ba na matsawa daga wurin. Masu jinya kuwa tun farkon dare nake zagayawa in gaya musu: in kun ga gumi mai sanyi, ko ƙishi mai yawa, ko ya fara surutai, ko barcin da ba ya farkawa da sauƙi, ku zo ku taso ni ko kun ga na haɗe rai. Ɗan Baban nan daga baya ya ce mini ya daɗe yana kallon gumin, nauyina yake ji don ya ga ina ta kai-kawo.