Abin da ganyen tendu ya koya mini a Bastar

A zangon ƙarshe na karatuna a Indiya aka tura mu bincike jihar Chhattisgarh, kowa da takardar tambayoyinsa. Na tafi ina ji da kaina, don na sha karatu. Na haddace cewa ranar 1 ga Nuwamba 2000 aka ciro jihar daga Madhya Pradesh, daji ya rufe fiye da kashi 40 cikin ɗari na ƙasarta, kuma a ƙidayar 2011 kusan mutum uku cikin goma ƴan ƙabilun asali ne, waɗanda ake kira Adivasi. A kaina arzikin jihar yana ƙarƙashin ƙasa: kwal a Korba, masana'antar ƙarfe ta Bhilai da Tarayyar Sobiyet ta taimaka aka gina, da tamar duwatsun Bailadila da jirgin ƙasa ke kaiwa tashar jiragen ruwa ta Visakhapatnam. Daji kuwa na ɗauke shi ado.

Tambaya ta huɗu a takardata ita ce ta kunyata ni: nawa kike samu a wata? A wani ƙauye da ke gefen Jagdalpur, babban birnin yankin Bastar, na yi wa wata dattijuwa ita, tafinta ya juya mata da yaren Halbi. Ta dube ni, ta dubi takardar, ta yi dariya har da tafa hannu. Tafinta ya ce, "Wai wane watan kake nufi?"

Ashe shekararsu ba ta albashi ba ce, ta itatuwa ce. Ana gama tsamiya sai furen itacen mahua ya fara zuba wajen Maris da Afrilu, mata da yara su yi sammako su tsince shi kafin dabbobi su riga su. Mayu na ganyen tendu ne, wanda ake naɗe tabar bidi da shi. Bayansa ƴaƴan itacen sal, sannan damina ta kama a koma shinkafa.

Tendun ne na zauna na kalla sosai. Tun duku-duku dattijuwar take shiga daji, da rana ta take ta dawo da kwando, ta zauna a inuwa tana ƙirga. Hamsin-hamsin, ta jera su baki ɗaya, ta ɗaure da zaren ɓawon itace. Yatsunta ba sa kuskure, bakinta kuma na hira. Na gwada ɗauri ɗaya, ta kwance ta ƙirga, arba'in da bakwai. Da yamma ake kai wa wurin karɓa, wanda suke kira phad, magatakarda ya rubuta mata a kati, a shanya ɗaurukan layi-layi a fili. Ɗauri dubu shi ne buhu ɗaya a lissafin hukuma, ganye 50,000 ke nan. A 2024 gwamnatin jihar ta ɗaga kuɗin buhun daga rupi 4,000 zuwa 5,500. Idan ka raba, ɗauri ɗaya rupi biyar da rabi. Duk da haka makonnin nan kaɗan su ne babban kuɗin da gidaje da yawa ke gani kafin shuka.

Tendu dai yana da farashin hukuma. Mahua ne ya fi ba ni haushi. A kasuwar mako, wadda suke kira haat, ɗan kasuwa na zaune bakin hanya da sikelinsa, yana tare mata tun kafin su shiga. Ba su da inda za su adana busasshen furen ya kai damina bai lalace ba, ga bukatar gishiri da mai yau, dole su sayar. Bayan watanni su dawo su saye shi hannun mutumin nan da tsada. Ban bukaci tafinta a nan ba, don na ga yadda kawuna ke rabuwa da gero da kaka ya saye shi da damina.

Dokar haƙƙin daji ta 2006 ta amince cewa mazauna daji su ke da ikon tsinta da sayar da waɗannan kayan. A aji na karanta ta kamar kowace doka. Sai da na ga ɗaurin hamsin na gane abin da ya sa a Oktoban 2021 mutanen dajin Hasdeo suka taka kusan kilomita 300 zuwa Raipur, babban birnin jihar, suna ƙin a haƙa kwal a ƙasarsu. Diyya sau ɗaya ake biya, itacen mahua kuwa kowace shekara yake zuba, kuma kowa a ƙauye ya san na gidan wane ne.

Da na koma, malamina ya duba amsoshin da na tara, rabin layin kuɗin wata babu komai. Bai yi faɗa ba, ya ce in sake rubuta takardar in koma da kuɗin aljihuna. Na cire tambaya ta huɗu, na sa uku a madadinta: me daji ya ba ki wannan watan, wa ya auna, kwana nawa kika iya jira kafin ki sayar. Dattijuwar ta amsa su duka ba dariya, sannan ta miƙo mini ganye ta ce in sake gwadawa. Wannan karon hamsin da ɗaya na ɗaure.