Adakar Malam

Asabar, Birnin Kebbi

Yau da hantsi Inna ta sa muka fito da adakar marigayi Malam, kakanmu. Ta ce tunda ruwa ya ɗauke, a shanya kayan kafin asu ya ƙarasa su. Tun rasuwarsa ban ga an buɗe ta ba. Ana ɗaga murfi ƙamshin kafur da tsohon turare ya gauraye ɗakin.

Farar alkyabbarsa ce a sama, da hularta mai tuntu, wadda yake yafawa ranar Idi in zai ja salla. Na ce, “Inna, ba kayan sarakuna ba ne wannan?” Ta ce, “Ɗiyana, sarki da alƙali da liman, su ka sa ta. Ranar naɗinshi, hakimi da hannunshi ya yafa mishi.” Irinta fatake suka riƙa ƙetaro hamada da ita daga Arewacin Afirka, shi ya sa ba kowa ke samu ba.

Amma rigar da ke ƙarƙashinta ce ta tsayar da ni. Ta tsamiya ce, saƙar hannu, siraran ƙyallaye da aka harhaɗa ɗaya bayan ɗaya. Aikin aska takwas ne a gaba, ga tambari, zagayayyen adon nan, a baya, an yi mata shafi da jan alharini, irin wanda ake kawowa ta Tarabulus. Na juya cikinta, na bi zaren da yatsa. Inna ta ce wani malami ya zana, almajiransa suka yi watanni suna bi da allura. Wallahi aikin keken da muke saya yanzu ko kusa bai kama ƙafarta ba, kuma ga nauyi, sai da na sa hannu biyu.

Asu ya ci kafaɗar alkyabbar wuri uku. Kawu ya ce a kai wa tela ya yi faci. Na ce, “Kawu, ka yi haƙuri, kada keke ya taɓa ta.” Bai ji daɗi ba, amma ya ƙyale ni.

Litinin in Allah ya kai mu zan je Argungu, gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar nan ta 1831 da sarakunan Kabi suka zauna har 1942, in tambayi yadda suke adana tsofaffin kaya. Kafin la'asar muka kwashe shanyar. Inna ta ƙi yarda kowa ya ninke alkyabbar, ita ta ninke da kanta.