Lagireton da na bar wa ragowar wuri

Wata tara na yi ina haɗa motar a bayan gidanmu da ke Yelwa, nan Bauchi. Mai walda ya haɗa mini shasi da bututun ƙarfe, inji kuma na Golf ne mai lita 1.8 da na saya na hannu. Hankalina duk yana kan gaban motar. Siririn hanci nake so, mai gangara, wanda in ta bi ta Wunti sai an waiwayo. Sai da fenti ya bushe na tuna da lagireto. Na ɗauko tef na auna ramin da ya rage, na shiga wurin 'yan safaya neman abin da zai shiga ciki. Na wata 'yar mota na samu, wadda injinta bai kai lita ɗaya ba. Ya zauna daram, har da murnata.

A watan Disamba na fara hawanta, lokacin hunturu, don haka ba ta nuna mini halinta ba. Da Afrilu ya shigo, rana ta fara dukan digiri 40, sai na ga allurar zafi tana tashi duk sanda na shiga cunkoson kasuwar Muda Lawal. Abokai suka ce in cire tamostat, wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Na cire. Da safe inji ya ƙi ɗumi, ya dinga zuƙar fetur, da rana kuma allura ta koma inda take. Daga baya na gane cewa aikin tamostat kawai ya tsare ruwa har inji ya kai digiri tamanin da wani abu, sannan ya buɗe. Ba ya ƙara wa lagireto girma, ba ya rage masa. A wasu injunan ma shi ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagawa, in babu shi wani ruwan ko leƙa lagireto ba ya yi.

Sai aka ce dabul sel ne maganin, wato lagireto mai layi biyu. Na biya aka yi mini, faɗi da tsayi dai na da, kauri ne ya ƙaru. Abin ya ɗan lafa, ni kuwa na ɗauka an gama. Ranar wata Asabar na ɗauki ƙanena muka kama hanyar Jos. Mun wuce Nabordo lafiya. A hawan Panshanu, ina giya ta biyu ƙafata a ƙasa, sai wari kamar na tukunyar da ta ƙone, sai tururi ta ƙarƙashin bonet. Da ta huce na zaro sandar duba mai: baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Gasket, shimfiɗar da ke hana ruwa haɗuwa da mai a cikin inji, ya tafi. Da igiya aka jawo mu gida, ƙanen nan nawa yana ta dariya har yau bai daina ba.

Wani dattijo mai gyaran lagireto na kai wa. Ya daɗe yana kallon hancin motar, ya tura hannu ta gefen lagireton har gwiwar hannu, sannan ya ce, "Yaro, ɗaki ka gina wa raƙumi da ƙofar akuya. Wa ya auna maka wannan?"

Na ce, "Baba, wurin da ya rage ke nan."

"To ai shi inji bai san wurin da ya rage ba."

Bayanin da ya yi mini a tsaye, da na koma takardun makaranta sai na tarar da shi a lissafi. Ƙarfin da ke cikin fetur kusan kashi uku yake rabuwa: ɗaya ya juya taya, ɗaya ya fice ta salansa, ɗaya ya shiga ruwa. Ke nan injin da ke ba da doki 90, kimanin kilowat 66, in an matsa masa yana zuba wa ruwa zafi kusan haka. A kwatanta da dutsen guga na lantarki sama da sittin a kunne lokaci guda. Wannan na ɗora wa lagireton da aka yi don injin da bai kai rabin nawa ƙarfi ba.

Batun dabul sel kuwa, ruwa ba ya sanyaya kansa, iska ke kwashe zafin. Layin baya iskar da layin gaba ya riga ya ɗumama yake samu, kauri kuma yana ƙara tare iskar. Shi ya sa faɗin fuska ya fi kauri amfani. Ramin da Baba ya tura hannu shi ne ya fi ba ni kunya, domin iska, kamar ruwa, hanya mai sauƙi take bi. Tana shigowa ta hanci sai ta zille ta gefe, ba ta ratsa lagireton ba. Fankar ma nesa na ɗaura ta, babu rufin da zai sa ta ja iska ta dukkan fuskar. Murfin lagireton kuma robarsa ta mutu. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, murfi mai kyau yana riƙe shi har wajen 120, kuma da ana hawa tudu irin na Jos tafasar tana ƙara saurin zuwa.

Da hannuna na riƙe giranda na yanke hancin da na yi wata biyu ina lallaɓawa. Muka sa lagireton da aka yi don wannan injin tun asali, da fankarsa da rufinta, muka toshe gefe da gefe da falle na ƙarfe, muka mayar da tamostat, aka zuba ruwan kulan, wanda aka yi don sanyaya inji, maimakon na rijiya da ke barin farar ƙasa a cikin bututu. Gaban motar yanzu ya yi faɗi, yaran unguwa suna ce mata mai bakin kwaɗo.

Afrilun da ya zagayo na sake bin hanyar da tsakar rana, ni kaɗai, don ƙanena ya ce shi ya tuba. Tun daga gindin Panshanu idona ɗaya na kan titi ɗaya na kan allura. Ta ɗan gota tsakiya, ta tsaya nan har na sauka Tilden Fulani na sayi tumatir.