Safar da na rataya a bakin ƙofa

A damanar bara ƙanena mai karatun jinya a Yamai ya zo mana hutu a unguwar Birni, a Damagaram. Ya gan ni ina ta susa, uwargida kuwa a gefena ko cizon sauro ɗaya babu. Ya ce, "Yaya, ba jininka ne mai zaƙi ba, ƙafarka ce."

Ya bayyana mini cewa gumi shi kaɗai bai cika wari ba. Wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, mazauna fatar kowa, suke cin gumin da maiƙon jiki su fitar da tsami. Macen sauro na fara bin numfashin mutum, in ta matso sai tsamin ya ja ta. Har ya ce a Holan wani masani, Bart Knols, ya gano sauron masassara na son wani cuku mai wari da ake kira Limburger kamar yadda yake son ƙafa, don ƙwayoyin da ke nunar da cukun dangin na ƙafar ne.

Na fara wanke ƙafa da sabulu bayan isha'i, kuma na ji sauƙi a farkon dare. Da ma a nan na tsaya.

Amma sai na yi dabarar kaina. Na ce tunda wari yake bi, bari in ba shi abin bi. Na rataya safar da na wuni da ita a kasuwar Dole a bakin ƙofar ɗaki, na naɗe sange saboda zafi, a tsakiyar Agusta, tabkunan gari cike da ruwa. Safa ba ta numfashi, ba ta da ɗumi. Ta kira shi har ƙofa, ya wuce ta ya same mu. Wankin ma ba ya kai asuba, ƙwayoyin na komawa aikinsu, sauron kuwa cikin talatainin dare yake cizo.

Bayan kwana goma sha biyu 'yata mai shekara huɗu ta tashi jiki kamar garwashi, tana amai. Kwana uku muka yi a asibiti ana ƙara mata ruwa. Malamar jinya ta tambaya, "Malam, tana kwana cikin sange?" Uwargida ta dube ni, ba ta ce uffan ba. Wannan kallon har yau yana cina.

Ta warke, alhamdulillah. Ƙafa ina wankewa har yanzu, safa tana kwana cikin bokiti a tsakar gida, sangen kuma da hannuna nake cusa bakinsa ƙarƙashin katifar yarinyar kowane dare.