Yadda na haɗa wa jakuzinmu murfi da hannuna

Da muka sayi gidan nan a jihar Minnesota ta Amurka, abin da ya fi burge maman yara ba kicin ba ne, ba falo ba ne, bahon ruwan zafin nan ne da ke bayan gida, wanda mu dai jakuzi muke ce masa. Ni kuwa tun ranar na san na sayi wahala da kuɗina. Bahon lafiyarsa ƙalau, hita na aiki, famfo na aiki, amma murfinsa fa sai mu biyu muke ɗagawa muna nishi kamar masu ɗaukar buhun masara.

Da farko na ɗauka haka ake yin su da nauyi. Sai da maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya yi ritaya, ya leƙo ta katanga ya gan mu muna fama ya yi dariya ya ce ai murfin ya sha ruwa ne. Na zuge zif ɗin rigar na duba, wallahi fom ɗin ciki ya jiƙe sharkaf har da baƙin funfuna, ga wari. Ashe ba ruwan sama ne ke shiga ba, tururi ne daga ƙasa. Ruwan yana zaune a wajen digiri 38 zuwa 40 dare da rana, tururinsa ɗauke da kulorin yana cin ledar da aka naɗe fom ɗin da ita a hankali, da zarar ta huje shi kenan, fom ya dinga sha. Kuma jiƙaƙƙen fom ba ya riƙe zafi, shi ya sa bil ɗin wutarmu na watan Janairu ya kusa sa ni hawan jini, a garin da sanyi ke wuce digiri 20 ƙasa da sifili.

Na tambayi kuɗin sabo aka ce min sama da dala 500 kuma sai na jira makonni. Maman yara ta ce, "Malam, don Allah ka saya kawai, kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa daidai." To wannan maganar ce ta sa na ce sai na yi.

Bahon ƙafa 7 ne kowane gefe, wato inci 84. Fom ɗin da ake sakawa a bangon gida, mai ruwan hoda ɗin nan da ake kira XPS, yana zuwa ne ƙafa 4 da ƙafa 8, sai na sayi guda 4 masu kaurin inci 2 a Menards, wani kantin kayan gini, na yi niyyar liƙa bibbiyu su ba ni inci 4, rabi biyu kenan kowanne inci 42 da 84. Na zaɓe shi a kan farin nan mai ƙwaya-ƙwaya irin na kwalin firij saboda bai cika shan ruwa kamarsa ba. Yankan ba wuya, zarto ya yi, sai dai garejin ya koma kamar an yi ɓarin gari.

Inda na tafka shirme wajen gam ne. Akwai wani ragowar gam mai ƙarfin wari da nake da shi, na shafa na tafi sallar la'asar, ina dawowa na tarar fom ya narke ya yi ramuka kamar gara ta ci. Irin wannan gam ɗin yana cinye fom, dole sai wanda aka rubuta a jikinsa na fom ne. Haka na koma na sake sayen fom guda ɗaya, ban faɗa wa kowa a gida ba sai yau.

Amma aikin gaske dai naɗin leda ne, a nan na ɓata yini guda. Leda mai kauri na samu, wadda ake ce wa 6 mil, na naɗe kowane rabi sau biyu kamar ana ɗaure ƙunshin lalle, bakin ledar duk na juyo shi sama don kada ya kalli ruwa, sannan na bi da salatef mai faɗi na liƙe ko'ina, kusurwoyi har sau uku uku. Kafin naɗin na saka ƙarfen alminiyom a gefen da rabin biyu ke haɗuwa, saboda nan ne ba abin da ya tokare shi, dusar ƙanƙara na taruwa zai lotsa. Rigar waje kuma tamfol mai kauri na saya, maman yara da ta gama yi min dariya ita ta zauna a keke ta ɗinka, allura biyu ta karya, ta bar masa leɓe inci 4 yana saukowa ya rufe bakin bahon.

Abu ɗaya da ba zan ɓoye ba, wannan murfin ba zai ɗauki yaro ba. Na kamfani masu kyau ana gwada su a kan wani ma'auni da ake kira ASTM F1346 saboda yara, nawa kuwa ba wanda ya gwada shi. Duk wanda ya tashi a gidan da ke da rijiya ya san fargabar nan. Don haka na sa maɗauri 4 masu makulli, ƙofar wajen ma na sa mata kwaɗo, makullin yana aljihuna.

Yanzu da hannu ɗaya nake ɗaga shi, hita ma ta rage kunna kanta cikin dare. Shekaranjiya aka yi dusar ƙanƙara, da safe na leƙa na ga ta zauna fari fat a kai ba ta narke ba, sai wani siririn layi a tsakiya daidai mahaɗar, nan tururi ke sulalewa. Na yanko guntun soso na cusa, ranar Asabar zan ɗinka masa riga.