Yadda ake samun tsaftataccen baki a bugun rariya

Tun 1959 da mai sharhi Jules Langsner ya raɗa wa zanen wasu masu fasaha na Kalifoniya sunan "hard-edge", wato kaifin baki, salon bai sauya ba: launi shimfiɗe ba inuwa, ya tsaya cak inda ɗan'uwansa ya fara. A bugun rariya kuwa, wato bugun da ake tura tawada ta ramukan rariya zuwa kan takarda, duk wahalar tana kan wannan iyakar da launuka biyu ke haɗuwa.

Rariya mai zare 90 zuwa 120 a santimita ta fi dacewa da takarda. In ramukanta sun yi faɗi, bakin zai fito da haƙora kamar zarto. A bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakaninta da takarda, kuma kada a danne robar jan tawada da ƙarfi, domin tawada za ta kutsa ƙarƙashin zanen da ke jikin rariyar.

A fara buga launi mai haske, mai duhu ya biyo baya ya hau bakin na farkon da kusan rabin milimita. Ba don haka ba, da takarda ta ɗan gota sai farin layi ya leƙo. Amma tawadar sama ta zama mai rufewa sosai, in ba haka ba mahaɗar ta koma launi na uku. Takarda ma tana kumbura da laima, saboda haka ta kwana a ɗakin bugu tukuna.

Ja da kore masu haske ɗaya suna sa iyakar ta riƙa rawa a ido. Wasu na neman hakan da gangan. Ni na fi son a ɗan duhunta ɗaya. A gwada su a gefe, a jira su bushe kafin a yanke hukunci.